Kafin allura ta soke ka: jagora kan ciwon hanta na B ga ma'aikatan asibiti da masu zama da mai cutar

Wajen ƙarfe biyu na dare ne, an ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Na dafe waya tsakanin kafaɗa da kunci ina haska hannun wani dattijo da aka kawo da ciki a kumbure, idanunsa kamar an shafa musu ɗorawa. Na ɗebi jinin da likita ya ce a ɗiba, na zo mayar wa allurar murfinta kamar yadda hannu ya saba, sai murfin ya goce. Tsinin ya ratsa safar hannu ya shige babban yatsana na hagu. A daren nan ba abin da ya zo raina sai ƙanjamau. Da gari ya waye sakamako ya fito: baba ba shi da ƙanjamau, amma yana ɗauke da ciwon hanta na B. Wata abokiyar aikina ta dafa ni ta ce, "Ƙawata, ki gode wa Allah, ashe hanta ce kawai."

Wannan "kawai" ɗin ita ke cutar da mu. Idan allurar da ta taɓa jinin mai ƙanjamau ta soki mutum 1,000, kimanin 3 ne za su kamu. In ta mai ciwon hanta na C ce, wajen 2 cikin 100. In kuwa ta mai na B ce, kuma wanda ta soka ba shi da rigakafi, abin yakan kama daga 6 har zuwa 30 cikin 100, gwargwadon yawan ƙwayar cutar a jinin majinyacin. Ga ta da taurin rai: takan yi aƙalla kwana 7 a busasshen jini a kan tebur ko bakin almakashi tana nan da ƙarfinta. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Wato kusan mutum ɗaya cikin 12. A ɗakin kwanciya mai gado 24, da wuya a rasa biyu, kuma yawancinsu ba ido rawaya, ba kumburin ciki, su kansu ba su sani ba.

Ni a lokacin allura biyu kacal na yi cikin uku, tun muna makaranta, katin ma ban san inda na jefa shi ba.

Mataki na farko: ka san matsayinka

Gwajin ɗan tsinken nan da ake yi da ɗigon jini, HBsAg yake dubawa, wato ko ƙwayar cutar tana jikinka a yanzu. In ya nuna babu, mutum ya naɗe takarda ya tafi gida yana murna. To, bai gaya maka ko kana da kariya ba. Ka nemi a rubuta maka guda uku: HBsAg, anti-HBs (mai nuna ko jikinka yana da garkuwa) da anti-HBc (mai nuna ko cutar ta taɓa shiga jikinka).

In duka ukun babu, ba ka taɓa haɗuwa da cutar ba, ba ka kuma da garkuwa. Kai ne wanda ya kamata ya yi rigakafi a ranar. In anti-HBs kaɗai ya fito, rigakafin da aka taɓa yi maka ya kama. In anti-HBs da anti-HBc suka fito tare amma babu HBsAg, cutar ta taɓa shiga jikinka ya kore ta, ba ka buƙatar allura. In HBsAg ya fito, rigakafi ba zai ƙara maka komai ba, likitan hanta za ka nema, kuma za a maimaita gwajin bayan wata 6 don a gane ko ta zauna ne. In anti-HBc ne kaɗai, kada ka fassara wa kanka, kai wa likita.

A ɗebi jinin kafin a yi maka allurar, don rigakafin kansa yakan sa HBsAg ya nuna akwai na 'yan makonni, a tayar maka da hankali a banza. A nan Zariya, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne inda aka fi samun likitocin hanta; ana kuma iya farawa daga asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ko na Wusasa, a tambayi waɗanne gwaje-gwaje suke yi. Ranar 28 ga Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya, sau da yawa akan samu gwaji kyauta ko da rangwame a makon.

Mataki na biyu: allura uku, da gwajin da kowa ke tsallakewa

Sai a 2004 rigakafin nan ya shiga cikin alluran yara a Najeriya. Duk wanda aka haifa kafin nan, ya ɗauka ba a yi masa ba sai in yana da kati. Ɗaliban da ke shigowa yanzu wataƙila an yi musu suna jarirai, amma "Mama ta ce an yi mini" ba shaida ba ce.

Tsarin babba shi ne: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata 6 daga ta farko. A damtse ake yi, ba a mazaunai ba, don kitsen wurin yana hana ta aiki yadda ya kamata. In ka makara da ta biyu ko ta uku, ba sai ka koma farko ba, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Mai ciki da mai shayarwa duk suna iya yi. Ka lura kuma da inda za a yi maka. Maganin yana son sanyin firij, tsakanin maki 2 da 8, kuma in ya daskare ya lalace. Kwalbar da aka danna cikin ƙanƙara ta zama dutse, ruwa kawai za a tsira maka. Gara ka je inda ake alluran yara, inda ake da mai kula da sanyin magani.

Ga wurin da nake so a tsaya. Bayan ta uku da wata ɗaya zuwa biyu, a auna anti-HBs na adadi. Lambar da ake nema 10 ce ko sama da haka. Fiye da 9 cikin 10 na masu ƙoshin lafiya da ba su kai shekara 40 ba sukan samu. Sauran, musamman masu shekaru, masu ƙiba, masu shan taba da masu ciwon ƙoda, sukan gaza, kuma ba abin da zai nuna musu a jiki. Wanda bai kai 10 ba sai ya sake wasu ukun a sake aunawa. In har yanzu bai kai ba, a duba ko dama yana ɗauke da cutar. In babu, ya san cewa shi duk ranar da allura ta soke shi sai an nemo masa kariyar gaggawa. Wanda kuwa ya taɓa kai 10, in lafiyarsa ƙalau, ko daga baya lambar ta sauka jikinsa bai manta ba, ba sai ya riƙa ƙari duk bayan 'yan shekaru ba. Ka ɗauki hoton takardar ka tura wa kanka ta WhatsApp. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙarfe biyu na dare ba lokacin binciken akwati ba ne.

In na ce ma'aikacin asibiti, ba likita da nas kaɗai nake nufi ba. Mai shara da ke tattara bola da hannu, mai wankin zannuwa, mai tura gawa, ɗalibin da ya zo koyon aiki, mai kemis da ke allura a bayan labule, ungozomar unguwa, duk suna ciki. Allurar da likita ya bari a kan katifa, hannun mai shara take samu. Shi ne kuma ba a kira in ana taron bita, shi ne albashinsa bai kai ya saya wa kansa allura uku ba. Duk shugaban sashen da ya yi wa kansa ya bar waɗannan, a ganina bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Mataki na uku: gyaran hannu a bakin aiki

Kada ka mayar wa allura murfi da hannu biyu. In dole ne, ajiye murfin a kan tire, ka zura allurar da hannu ɗaya. Kwalin zuba allurai ya kasance inda hannunka zai kai kafin ka fara, ba a ƙarshen baranda ba. In ya cika kashi uku cikin huɗu a rufe, kada a danna da hannu don a samu wuri. A ɗakin tiyata a miƙa wuƙa da allurar ɗinki cikin tasa, ba hannu da hannu ba. A ɗakin haihuwa, tabarau da takunkumi ba gayu ba ne, ruwan naƙuda da jini suna fantsama a ido.

Safar hannu tana tare jini, ba ta tare tsini. Da hunturu kuma, lokacin da iskar Zariya ke tsattsaga fata, kowane ɗan tsagu a yatsa ƙofa ce. A rufe shi da filasta kafin a sa safa. In jini ya zuba, a goge da safa a hannu, sannan a zuba ruwan bilic a bar shi minti 10. Duba jikin kwalbar Jik ko Hypo: in an rubuta kashi 3.5, awo ɗaya a awo 6 na ruwa, a haɗa sabo kullum. Ɗan tsinken huda yatsa na awon suga kuwa, mutum ɗaya, sau ɗaya.

Mataki na huɗu: in ta riga ta soke ka

Cire safa, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ka matse, kada ka tsotse, kada ka zuba bilic a ciwon. In ido ko baki ne, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Sannan ka faɗa wa shugaban aiki nan take, a rubuta. Da yawa sukan ɓoye don kada a ce sun yi sakaci, ranar da abin ya bayyana kuma ba wata takarda da za ta nuna a bakin aiki suka samu.

A nemi izinin majinyacin a gwada shi ciwon hanta na B, na C da ƙanjamau, kai ma a ɗebi naka. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne da wuri-wuri, kada ya wuce awa 72, wannan hanyarsa daban. A ɓangaren hanta, takardar nan taka ce za ta yi magana. In ka gama uku kuma an taɓa auna ka ka kai 10, ba abin da za a ƙara maka, ko majinyacin yana da cutar. In ka gama uku amma ba a taɓa aunawa ba, a auna yanzu. In ba ka yi ba, ko ba ka ƙarasa ba, ko ba ka kai 10 ba, kuma majinyacin yana da cutar ko ba a san matsayinsa ba, likita zai rubuta maka HBIG, wato garkuwar da aka tato daga jinin masu kariya, a ɗaya damtsen kuma a yi maka rigakafi. An fi so cikin awa 24. Bayan kwana 7 ba a dogara da ita. Wanda ya yi zagaye biyu na rigakafi bai kama ba, HBIG biyu ake yi masa, wata ɗaya tsakani.

HBIG tana da tsada, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba. Ni sai da na yi yini biyu ina buga waya, daga Sabon Gari har Kaduna, kafin a samo. Na ƙarasa allurata ta uku, na zauna jiran gwajin wata 6. Allah Ya rufa asiri, ya fito babu. Amma watannin nan, ko fitsarina ya ɗan yi duhu don azumi sai gabana ya faɗi.

Mataki na biyar: mutanen gida

Wata baiwar Allah ta taɓa tare ni a baranda, an gano mijinta yana da cutar. Ta rage murya ta ce, "Sista, na ware masa kwano da kofi da buta, na hana yara hawa gadonsa saboda zufa. Akwai abin da ya rage?" Na ce, "Hajiya, da me yake gyara gemu?" Ta ce reza ce a kan taga, ita samarin gidan ma suke ɗauka. Na ce, "To ki mayar masa da kwanonsa cikin na mutane, ki ɗauke rezar."

Cutar ba ta bin abinci, ruwan sha, musafaha, runguma, tari, sauro, ko sahun salla. Zancen zufa da ya cika gari ba shi ne abin tsoro ba. Jini take bi, da saduwar aure, da haihuwa. Don haka abin da za a raba shi ne reza, aska, kilifa, abin yankan farce, burushi da asuwaki, da allurar huda kunne. Ciwo ko gyambo a rufe shi, musamman tsakanin yara masu kokawa da juna. Mai jinya a gida ko a asibiti ya sa safa in zai taɓa zanen da ya ɓaci da jini, haka masu wankan gawa.

A gwada kowa: matan aure duka, 'ya'ya, waɗanda ake riƙo, sannan 'yan uwansa da suke ciki ɗaya da mahaifiyarsu in tana raye. Dalilin na ƙarshen nan yana da muhimmanci. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, 9 cikin 10 cutar takan zauna masa. Babba kuwa ƙasa da 5 cikin 100 ne take zamar wa. Ke nan mafi yawan manyan da muke gani da ita, tun suna goye ko suna wasan ƙasa suka ɗauka. Ba shaidar neman mata ba ce, ba kuma dalilin da uwargida za ta ce amarya ce ta kawo ba. Na ga gidan da wannan zargi ya kusa rabawa, alhali da aka gwada, ƙannen maigidan biyu ma suna da ita.

Duk wanda gwaji ya nuna ba shi da kariya ya fara allura. Tsakanin miji da mata a yi amfani da kororon roba har a gama, a auna, a ga 10. Gwajin kafin aure ya yawaita yanzu, Jihar Kano ma ta mayar da shi doka a 2024, sai dai wasu iyayen da sun ga sakamako sai a mayar da kayan lefe. Ba sai an kai ga haka ba. A yi wa ɗayan rigakafi. In biki ya matso, akwai tsarin gaggawa da likita zai iya tsarawa, da ƙarin allura bayan shekara.

Sai wanzami. Ba na raina sana'ar, amma askar da ta yi wa yara biyar kaciya a jere, ko ƙahon da aka tashi daga bayan wani aka kafa wa wani, hanya ce buɗaɗɗiya. Ka sayi sabuwar reza ka buɗe a gabanka, aski ne ko tsaga. Cire beli kuwa, shawarata a bar shi kwata-kwata. A shagon aski, ɗan hura wutar da ake yi wa kilifa da goga sifirit na daƙiƙa biyu ba abin dogaro ba ne. Mai hali ya sayi tasa. Masu yawo da almakashin yankan farce a tasha da bakin masallaci, almakashi ɗaya ke zagaye unguwa. Malaman tsangaya da masu kula da makarantun kwana su sa ido a ranar aski.

Mataki na shida: mai ciki da jariri

Kowace mai ciki ta tabbata an yi mata HBsAg a awon farko. In akwai, a auna yawan ƙwayar cutar. In ya kai 200,000, ko HBeAg, wato gwajin da ke nuna ƙwayar cutar tana hayayyafa sosai, ya nuna akwai, akan ɗora ta a kan maganin tenofovir mai danne ƙwayar cutar daga mako na 28. Jariri kuma, kowane jariri, a yi masa allurar hanta cikin awa 24 da haihuwa, sannan na mako 6, 10 da 14. Kyauta ne a asibitin gwamnati. In uwar tana da cutar a haɗa masa da HBIG in an samu, kuma tanadinta tun ciki na wata bakwai ake fara shi.

Inda muke faɗuwa shi ne haihuwar gida. An haihu daren Juma'a, an ce mai jego ba ta fita, a bari sai bayan suna. Ba sai ta fita ba: uban ko kaka su naɗe jaririn su kai shi. Kada a jira ranar da asibitin unguwa ke alluran yara, a nufi inda ake karɓar haihuwa dare da rana. In an makara, a kai shi duk da haka. Nono kuwa ta ba shi abinsa. Yana wata 9 zuwa 12 a gwada shi a ga ko kariyar ta kama.

Mataki na bakwai: wanda aka samu da ita

Likita zai duba aikin hanta, yawan ƙwayar cuta, hoton ciki, da ƙanjamau da na C. Ba kowa ake ɗorawa a kan magani ba, amma kowa ana bibiyarsa, galibi duk wata 6, don tsukewar hanta da ciwon daji ba sa sallama. Wanda aka ba tenofovir ko entecavir kada ya daina don ya ji garau. Yankewa farat ɗaya kan sa cutar ta taso da ƙarfi. Magungunan suna danne ta ne, da wuya su kawar da ita. Mai lasifika a kasuwa da ke cewa jarka ɗaya ta wanke hanta tas, kuɗinka zai ci, wani jiƙon ma hantar yake ƙara ƙonawa. Ba giya, ba shan farasitamol barkatai, ba ba da gudummawar jini.

Ma'aikacin asibitin da aka samu da ita ba a kore shi daga aiki. Awo, ba da magani, allura, ɗaura ƙarin ruwa, duk zai ci gaba. Masu aikin da yatsa ke shiga cikin jiki tare da tsini inda ido ba ya gani, kamar babbar tiyata da wasu ɗinkunan haihuwa, su ne ake so a danne musu ƙwayar cutar da magani, ana aunawa a kai a kai.

Akwai kuma abin da ke cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna, fumfunar tana fitar da gubar afalatoksin, wadda in ta haɗu da ciwon hanta na B haɗarin ciwon dajin hanta yake ninkuwa. Dahuwa da suya ba sa kashe ta. A shanya amfani ya bushe ƙayau kafin a ɗura a buhu, a ɗora buhun a kan katako kada ya taɓa ƙasa. Ƙwayar da ta canza launi, ta yamutse ko take ɗaci, a tsince a zubar, kada a ce a tara a kai inji a yi ƙuli-ƙuli da ita.